Ranar da Na'Allah Ya Nutsar da Injinsa

A bakin kogin Kwara a garin Anaca, kafin a yi gada, babu mai sayen kifi da bai san Na'Allah ba. Basarke ne, masunci ɗan gado, daga Yawuri, ya biyo ruwa tun yana saurayi, ya zo ya zauna cikin Hausawan garin. Gajere ne, maganarsa ba ta da yawa, amma in ya watsa birgi, tarun nan na jifa, sai ka tsaya kallo.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Jifan birgi ya koya da hagu, tuƙi ne ya gagara. In ya gangara da ruwa, sai wani ya jawo shi gida. Matarsa Haulatu ta ce, "Malam, ka hau tudu haka nan. Ka zauna a kasuwa ka sayar da na wasu." Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai, wani Bature mai sayen manja zai koma gida, ya sa ƙaramin jirginsa mai inji a kasuwa. Na'Allah ya sayar da kwalekwalensa biyu ya ɗauka. Washegari ya fara yi masa aski. Ya cire kujerun laushi, ya yaye rumfa, ya ɓalle gilashin gaba don kada ya kama masa birgi. Ya kafa katako a goshin jirgin inda zai tsaya, ya haɗa akwatin kifi a tsakiya. Masu wucewa suna ta cewa ya lalata kayan Bature, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai ya ga jirgin yana yoyo ta haɗin katako. To, wannan ai ba sabon ciwo ba ne wurin Basarke. Tun kakanni, jirgin da ya bushe nutsar da shi ake yi, itace ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa. Na'Allah ya loda duwatsu, ya nutsar da jirgi kwana uku, da injin da komai.

Ranar da aka tsamo shi ne Dogara ya iso. Kirista ne daga kudancin Zariya, tsohon bakaniken reluwe a Inugu, kuma ya daɗe yana cin kifin Na'Allah. Ya leƙa injin, ya ga laka, ya riƙe baki.

"Baba Na'Allah, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne. Ai yoyon ya tsaya."

"Yoyo ya tsaya, inji ma ya tsaya! Wannan sai dai a jefar."

"Kunce shi," in ji Na'Allah. "Abin da mutum ya ɗaura, mutum zai iya wankewa."

Nan ne aka fi ganin girman mutumin. Masunta suka yi ta yi masa dariya, har Inyamurai suka sa masa suna, bai ɓuya a gida ba ko kwana ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, a gaban kowa. Dogara yana kuncewa, shi yana wanke ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da kananzir, da hannun hagu, yana tambayar sunan kowanne da aikinsa. Mako biyar suna wannan fama. Sau biyu suka ɗaura, inji ya yi tari ya mutu, suka sake kuncewa.

A karo na uku injin ya tashi. Lokacin Kwara ta cika ta batse, ruwa yana gudu da itatuwa. Dogara ya ce a gwada kusa da gaɓa, don shi bai iya iyo ba. Na'Allah ya sauke shi, ya juya goshin jirgi arewa, inda ruwa ke fitowa, hanyar da ya shekara biyu bai bi da ƙarfinsa ba. Jirgin ya yi ta haurawa har ya zama ɗan ɗigo.

Da la'asar ya dawo da giwan ruwa ɗaya da ƙarfasa cike da akwati. Haulatu tana tsaye a gaɓa da kwandonta. Ta dubi kifin, ta dubi idanunsa da suka yi ja.

"Malam, kuka ka yi?"

"Na yi," in ji shi. "Ki tashe ni da wuri gobe."