Malam Mudi Mai Takalmin Gwiwa

Kullum da hantsi, a rumfarsa da ke bayan 'yan tumatir a kasuwar Malumfashi, Malam Mudi zai yanki tsohuwar taya, ya ɗinka mata soso, ya ɗaura a gwiwoyinsa, ya sauka ƙasa ya yi rarrafe daga bakin rumfa zuwa kwata ya dawo. Dattijo da furfurarsa. Mahauta suka laƙaba masa Kunkuru, suna yi masa dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Sana'arsa takalmin taya ce, irin na manoma. Amma shekara talatin ke nan, duk wanda shan inna ya kayar, daga Ƙarfi har Musawa, wurinsa yake zuwa a yi masa na gwiwa da na hannu. Ba ya awo da igiya. Cewa yake, "Taho in ga tafiyarka." Wani a gefen gwiwa yake dogara, wani da dunƙulen hannu, wani jan gindi yake yi. Sai ya kwaikwayi tafiyar da jikinsa, ya ji inda ke ci, kafin ya miƙa wa mai shi.

Wata shekara, gab da cirar gyaɗa, aka kawo Laraba a babur, wata Bamagujiya mai noma da rarrafe. Miki ne ya fito mata a bayan gwiwa, malamin asibiti ya ce in ya sake buɗewa, ba ita ba gona sai bayan wata uku. Ga ruwa bai ɗauke ba, gyaɗar da za ta ciyar da 'ya'yanta za ta tsire a ƙasa.

"Malam, takalminka ne ya ci ni," in ji ta.

"Ai na gwada shi, Laraba."

"A nan ka gwada. Gonata ba daɓe ba ce."

Washegari, maƙwabcinta Ɗanjuma ya ga Malam Mudi a gonar, yana bin kunya da rarrafe cikin laima. Kafin ya kai ƙarshen kunya ta biyu, yashi ya shige masa ƙarƙashin soso, jiƙaƙƙen maɗaurin ya sale masa fata. Ya koma ya sauya wa maɗaurin wuri, ya rufe bakin soson da roba. Laraba ta cire gyaɗarta kaf, mikin bai buɗe ba.

Malam Mudi, kai ne ka ƙi yarda wani ya ji ciwon da ba ka fara ji ba. Bana gwiwoyinka sun gaza, sai da sanda, ka rufe rumfa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ka kuma yafe mana dariyar nan.

Ku kuma masu yankan taya, kun fi goma a kasuwar, wuƙaƙenku sun fi tasa kaifi. Laraba ta zagaya wurin uku daga cikinku, babu wanda ya sauko daga benci. Har yau tsohon na Malam Mudi take wa faci. Don Allah, wani ya durƙusa.