Takalmin Da Ya Sulhunta Ni Da Karen Gona

Shekarar da sukari ya kama ni a Madina, likita ya ce sai na riƙa tafiyar ƙasa. Na soma zagaya gonar dabinon abokina a unguwar Ranuna bayan La'asar. Karen gadin gonar ya ɗauke ni aboki ƙarfi da yaji, yana biye da ni yana lasar idon sawuna. Ni da na tashi a Kano, yawun kare a fata, ga Magariba ta matso? Na yi tsawa, na yi jifa, a banza. Taɓon ban-ruwa kuma ya cinye min takalma.

Rannan na fusata na nufi unguwar Anbariyya neman dogon takalmin roba. Mai kanti ya miƙo wani mai ƙyalli, ya ce, "Wallahi asli ne, ba jabu ba, ya Hajji." Ina lanƙwasa shi sai ga tsaga. Na ce, "Riƙe aslinka." Na zaɓi wani baƙi mummuna mai kaurin ƙasa, har gwiwa. Na gwada shi da safa, na tabbata zan iya tuɓe shi a tsaye in an kira salla, ba kokawa.

Washegari kare ya lashi roba son ransa. Na ɗauraye takalmin, na wuce masallaci hankali kwance. Takalmin ya yi shekara da shekaru bai yage ba, sukarin ma ya sauka. Da karen ya tsufa, ni na riƙa rage sauri ina jiransa.