Aduwa da Anza

Ni ban shiga lakwal ba, wato boko, allo ma iya na salla na wanke, amma a Zongon Wagadugu babu macen da za ta ce ta fi ni bakin tatsuniya. Gado na yi. Kakata Iya Gambo, wadda Mosawan unguwa ke ce wa Yaba, wato kaka da yarensu, ita ce tushen. Ayarin gishiri ne ya sauko da ita daga Abzin tana budurwa, ta auri kakana bafataken goro, har ta koma ga Allah ba ta sake ganin dutse ba. Garin nan kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma, kullum sai ta yi masa gori.

Bayan magariba, in ta sauke tuwo, ba ta kashe murhu. Sai ta tura guntun icce, mu kewaye ta. Ni marainiya ce, 'yar firit, ga tari. A gefena kullum akwai Ladi, 'yar maƙwabtanmu, wadda ta girme ni da shekara biyu. Da sanyi ita ke zama ta wajen ƙofa ta tare mini iska, zanenta ɗaya ya rufe mu biyu. Shekarar da hatsi ya yi wuya, lomarta ta ƙarshe a bakina take ƙarewa.

"Ga ta nan ta gangaro daga dutse," in ji Iya. Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ce can ƙolin dutsen Abzin, inda ƙasa ba ta cika tafin hannu ba, iska na aske duk abin da ya ɗaga kai, akwai wata 'yar itaciyar anza duƙe a tsagin dutse. Akuya ta tofar da ƙwallon aduwa a gindinta, ya tsiro. Anza ta tare masa iska, ganyen da ta zubar ya zame masa ƙasa, raɓar da ke ɗiga daga jikinta ta zame masa ruwa. Da aduwa ta yi ƙaya, ita kuma ta kare anza daga bakin awaki. Duk tsiron da ya fito shi kaɗai a fili, kwana uku ya ƙone. "A can sama ba ka ganin ganye tilo," in ji Iya. "Bibbiyu suke, uku-uku, a cure kamar 'yan tsaki."

Wata damina ruwa ya kwashi irin su biyun ya gangara da su kwari, inda ƙasa baƙa ce, ruwa kusa, iska a kwance. Suka tsiro kafaɗa da kafaɗa. 'Yar anza ta ce, "Matso, 'yar'uwa, yadda iyayenmu suka yi." 'Yar aduwa ta ce, "Matsowar mece ce? Ina iskar take?" Ta zura saiwa ta shanye ruwan, ta buɗe rassa ta tare ranar. Anza ta yi rawaya, ta ce, "Bar mini ko ta hantsi." Aduwa ba ta ma ji ba, kanta ya yi nisa. Anza ta bushe, wata mata ta karye ta ta hura wuta.

Nan Iya ta dasa aya. Ladi, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Iya, to me ya sami aduwar?"

"Me zai same ta? Tana nan. Fatake na hutawa a inuwarta suna sa mata albarka."

"Ba a sare ta ba?"

"Wane wawa ke sare icce mai 'ya'ya? Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni." Ta bi mu da kallo, ni da Ladi cikin zane guda, ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya bar ku a kan dutse." Na ji haushi. Wace irin kaka ce ke roƙa wa yaro wahala?

Muka girma, muka yi aure, kowacce mijinta ba shi da ƙarfi. Tanda ɗaya muke suyar waina a bakin hanya, Ladi ce ta koya mini. Duk mai waina ta san ƙullu ba ya tashi sai an zuba masa tsami, wato ludayi guda na ƙullun jiya. In naki ya mutu, maƙwabciya za ki nufa, kuma ba a hanawa, kamar garwashin wuta ne, ko da wadda kuke gaba da ita ce. Tsamina na farko daga ƙwaryar Ladi ya fito.

Sai masana'antu suka buɗe a unguwar Kossodo, ma'aikata tuli da sassafe, kowa da yunwarsa. Kowacce ta yi tandarta, muka zauna a ƙofar masana'anta ɗaya. Wallahi cinikin ya ishe mu biyu har da saura. Amma wurin Ladi ya fi nawa, gindin bishiya ne daf da ƙofa, ni kuwa idona ya buɗe.

Ladi ta haihu, ta yi jinya, tsaminta ya mutu. Ranar da ta samu ƙarfi ta zo da kanta, jariri a baya, ludayi a hannu.

"Zuwaira, ɗan tsami."

Ƙwaryata na bayana a rufe da faifai, ƙullu na ta kumfa, warinsa ya cika ɗakin. Na ce, "Ayya, Yaya Ladi, nawa ma ya mutu."

Ta dubi faifan, ta dube ni. "To, Allah ya raya shi," in ji ta, ta juya.

Ba ta nufi kowa ba ranar, ina jin kunyar abin da na yi ce ta kama ta. Kafin ta samo a wani wuri ta dawo, na riga na dasa ƙanwar mijina da tanda ta biyu a gindin bishiyar. Cikin ma'aikaci bai san amana ba. Ladi ta koma ƙetaren hanya inda manyan motoci ke baɗa mata ƙura, wainarta na hucewa a faranti. Wata uku ta naɗe kayanta. Wankau ta koma yi a gidajen unguwar Dassasgho har hannuwanta suka tsage.

Ni kuwa na gina gida a Gounghin, na je Makka, yau Hajiya ake ce mini. Ciwon kai mai tsanani ma bai taɓa kwantar da ni ba. Da Ladi ta rasu, 'yarta ta zo har gida ta ce, "Inna, ke za ki yi mata wanka, ta ce ba ta da aminiya sama da ke." Ashe ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗaga ta, ba nauyi, kamar ƙirare.

Wajen wankan nan na gane addu'ar Iya. Tsohuwar ta san ni tun ina tari a cikin zanen mutane.

Yanzu jikokina ke kewaye ni, rabin maganarsu Faransanci. In na ba su wannan, ƙaramar takan ɓata rai ta ce, "Yaba, to me ya sami aduwar?"

Sai in gyara mayafina in ce, "Me zai same ta? Ci tuwonki, ba a inuwarta kike zaune ba?"