Bokitin Malam Ila

Sharhabil ya fara hawa rufin mutane tun ana ɗaura eriya a kan gora. Daga eriya ya koma dish, yanzu kuma wani ƙaramin kamfani a Unguwar Sarki ya ɗauke shi kafa akwatunan intanet, irin waɗanda kowanne ke karɓa daga na kusa da shi ya miƙa wa na gaba. Gwiwoyinsa sun gaji. Matarsa Lubna ta ce in ya durƙusa kamar ana karya kara. Muryarsa kuwa kowa a Rafin Guza ya san ta, don ba ya taka tsani sai ya ce, "Masu gida, a kintsa, za a hau sama!" Mata su ja mayafi, shi kuma in ya hau, idonsa ba ya barin ƙusa da waya.

Layin gangaren rafi ne ya ba shi wahala. Gidajen can a kwari suke, kuma wuri ɗaya ne ke da tsayin da zai haɗa su da sauran unguwa: ƙarfen tankin ruwan Malam Ila, tsohon direban tirela, Bakatsine. Sai da takalminsa ya san hanyar gidan kafin tsohon ya yarda. Kamfani kuma ya ce in layin bai tashi ba, wani za a ba aikin.

Ya ɗaure akwatin, ya haɗa shi da batirin sola. Fitilar akwatin ta yi ja, can ta koma kore. Ya kira Jamila mai duba kwamfuta a ofis, ya sa wayar a sifika, maganar na fita a fili, don hannuwansa na riƙe da ƙarfe.

"Baba Sharhabil, ya hau. Juya shi hagu kaɗan. Tsaya! Yanzu yana ganin gidan Alhaji Sanda, yana ganin na Maman Nusaiba. Kai, har Islamiyya yake gani tar!"

"Wa ke ganin me?"

Malam Ila ne a gindin tanki, da buta a hannu.

"Baba, ba ganin ido ba ne. Haka muke cewa in..."

"Kai ɗan nan, kurma ka ɗauke ni? Yarinyar ta ce tar. In yana hango gidan Sanda daga nan, tsakar gidana da ke ƙarƙashin hancinshi fa? Kai da kake mutum kana neman izini kafin ka hau. Shi wannan zai kwana ya tashi a saman iyalina, ko sallama babu."

Sharhabil ya sauko, matakala ɗaya da nishi ɗaya. Ya ce jin juna suke yi, kamar rediyo. Ya buɗe wani akwatin daga jaka, ya nuna masa ciki babu gilashi.

"To me ya hana ta ce yana ji? Bakinta ciwo yake?"

Sharhabil ya zauna kan bulo yana murza gwiwa.

"In dai ba ido gare shi ba," in ji tsohon, "a kifa mashi daro."

"Ƙarfe zai kashe shi, Baba. Sai dai roba."

Aka kawo bokitin wanki shuɗi. Ya sake neman izini, ya sake hawa, ya kifa, ya ɗaure da waya.

"Jamila, duba. Kuma don Allah ki iya bakinki."

Ta duba kwamfuta. "Ƙarfinsa ya ragu kaɗan. Amma suna... suna gaisawa."

Layin gangare ya tashi, aikin ya tsira. Sai dai kafin la'asar labari ya gama unguwa. Washegari da ya iso bakin layi, Alhaji Sanda na tsaye a ƙofar gida da sabon bokiti, Maman Nusaiba ta aiko da nata, ga malamin Islamiyya can yana tahowa da murfin kwandon shara.

"Naka ma ai ba ya gani, Alhaji."

"Na sani. Amma a ce na Ila ne kaɗai mai sutura?"

Sharhabil ya dubi jerin rufin da ya riga ya gama da su. Ya sauke tsani daga kafaɗa ya jingina.