Ranar da Na Yanka Dangwali

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, har irinmu manoman Zakka muka fara hangen mota. Na sayar da gyaɗa da bijimi guda, na sayi tsohuwar akori-kura a hannun wani ma'aikaci a Batsari, ina ɗaukar hatsi da mutane ranar kasuwa. Gabanta ya gaji tun kafin ta zo hannuna. In ta faɗa rami sai ta yi ta rausaya kamar ba za ta daina ba. Bakanike ya ce shokabsoba ce ta mutu, wato ƙarfen da ke hana mota rausaya, duka biyun na gaba. Na sayo sababbi daga Katsina, na ce ni zan ɗaura a gida, domin na taɓa tsayawa na ga yadda ake yi.

Wahalar aikin tana ga sifirin, ƙarfen nan murɗaɗɗe da ya kewaye shokabsoba. In ka kwance notin sama alhali sifirin bai ɗaure ba, zai iya tashi ya zubar wa mutum haƙora. Dabarar da na gani ita ce a danne gaban mota da nauyi har sifirin ya tsuke, a ɗaure shi tam da igiya, sannan a ɗaga motar da jak a ciro.

Rani ne. A gonata ta bayan gida akwai rugar wani dattijon Bafillace da muke kira Baffa. Tun zamanin mahaifina yake sauka a nan bayan girbi, shanunsa su ci kara, su bar mana taki. Gonar jigawa ce, in ba takin nan gero ba ya yin kirki. Da mahaifina zai rasu, bai yi mini wasiyya da kowa ba sai shi. Ya ce, "Kada ka bari Baffa ya sauka a gonar wani." Baffa bai taɓa kirana da sunana ba. Kaɗo yake ce mini, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, yana dariya.

Da hantsi na jera buhun dawa uku a kan bonet, murfin injin motar, na kira maƙwabcina, wani mahauci mai jiki, ya hau ya zauna a kansu.

"Yau dai ƙibata ta yi rana," in ji shi. "Ko za ka riƙa biyana da tuwo?"

"Zauna dai, kada ka motsa."

Na ɗaure da igiyar kaba. Ina fara ɗaga jak ta tsinke. Na ruɓanya ta, ta sake tsinkewa. Mahauci ya ce, "Malam direba, ƙarfen nan yana gasa ni. Nemo igiya ta gaske, ko in sauka."

Sai na tuna da dangwali, doguwar igiyar da Fulani ke shimfiɗawa tsakanin turaku biyu suna ɗaure maruƙa. Ta Baffa ta fata ce, tuƙaƙƙiya, ta yi baƙi don daɗewa. Shanu sun tafi kiwo, an saki maruƙa, Baffa ya tafi kasuwar Batsari. Na je na tarar da matarsa tana wanke ƙwarya. Na gaishe ta, na ce, "Inna, zan ari igiyar nan, yanzu zan dawo da ita." Ta dube ni, ta dubi igiyar, ta sunkuyar da kai. Na ɗauki shirunta a matsayin izini.

Ba zan ce ban sani ba. Tun ina yaro na san ba a tsallake dangwali, na sha ganin mata suna zagaye ta da ƙwarya a ka. Amma na ce a raina ai igiya ce, kuma a gonata take.

Ta yi tsawo, ba ta zagaya sifirin yadda nake so. Mahauci ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini daga kan bonet. Na yanka ta gida huɗu.

Aikin ya yi kyau, kuma wannan yana cikin abin da ke damuna. Fatar ta riƙe sifirin ko gezau. Na ciro na dama, na kwance noti, na sa sabuwar shokabsoba, na mayar. Na yi na hagu. Kafin la'asar mota ta tsaya a kan tayoyinta, mahauci ya danna gabanta ta dawo sau ɗaya ta tsaya cak. Ina cikin murna sai na ji kukan maruƙa. Shanu sun dawo, babu inda za a ɗaure su, suna ta kutsawa ƙarƙashin uwayensu suna tsotse nonon da za a tatsa.

Baffa ya zo ƙofar gidana da sandarsa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mota. Bai rage komai a gaisuwar ba. Sannan ya ce, "An ce igiyata tana wajenka."

Na kawo guntayen, duk baƙin mai. Ya tsuguna ya jera su a ƙasa, baki da baki, kamar za su haɗu.

"Mahaifina ya tuƙa ta," ya ce. "Da fatar saniyar da kakana ya ba shi."

Maimakon in durƙusa, sai na ce, "Baffa, gobe zan sayo maka sabuwa a Katsina, irin ta roba, ta fi wannan ƙarfi."

Mahauci ya juya ya shige gidansa. Baffa ya tattara guntayen ya sa a aljihun rigarsa, man yana ɓata ta.

"Igiya muna da ita, Malam," ya ce. Ranar ce farko da bai ce mini Kaɗo ba. Ya yi mini sai da safe.

Bai tashi daga gonar ba sai da ruwa ya sauka, kamar kowace shekara. Kullum matarsa tana aiko mana da nono. Ni kuwa in zan fita da mota sai in bi ta hanyar makabarta, don kada in wuce ta gaban rugar. Wata huɗu muna kwana kusa da juna, ban iya taka ƙafa na je ba.

Da kaka ta zagayo na bar karan gonar a tsaye, na hana kowa ɗiba. Na jira har kara ya fara zubewa. Daga baya na ji Baffa ya sauka wajen Tsaskiya. Na sa buhun kanwa a bayan motar na tafi. Na same shi a gindin wata ƙirya, na cire takalmi, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar. Ya saurare ni har na gama.

"Na yafe tun kafin in bar ƙofar gidanka," ya ce. "Ka sha nono."

Na sha. Na ce, "To, Baffa, gonar tana nan, ban taɓa karan ba."

Ya dubi shanunsa. Ya ce mai gonar da suka sauka a cikinta ya riga ya yi musu rijiya, ba zai ji daɗin tashi ya bar shi ba. Ya sa aka sauke kanwar, ya yi godiya, ya rako ni har bakin hanya. A shekarar na ba mutanen unguwa karan suka yi danni, suka kewaye gidajensu.