Ruwan Indararo da Kifayen Katantanwa

Ƙarfe huɗu na yammar wata Laraba hadari ya taso daga wajen garin Ketare. Daga nan kifayena suka fara lalacewa, ni kuwa ban sani ba.

Su biyu ne, mace da namiji, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Kawuna, ƙanen Inna, direban babbar mota, shi ya kawo mini su daga Kaduna cikin akwatin gilashi, da yashi a ƙasa da bawon katantanwa, don a ciki suke kwana. Ina sakandare lokacin, ba ni da yawan ƙawaye. In na dawo makaranta sai in zauna gabansu da littafi a cinya, ba na karantawa. Macen takan shige katantanwarta, idanu kawai a waje. In na saka tsutsar sauro, sai ta tsaya cik kamar mai tunani, ta fizge ta, ta koma. Nakan ji kamar ni ma ina da irin murɗaɗɗen ɗakin nan nata, wanda hayaniyar gida ba ta isa ƙuryarsa.

Da ruwan ya sauka, Inna ta jera bokitai ƙarƙashin indararo.

"Wai ke, ruwan rijiyar nan kike zuba wa bayin Allah?" in ji ta. "Ruwan da ko sabulu ba ya kumfa? Baƙi ne fa. Ai ruwan sama ake ba baƙo."

Da kanta ta tace shi da farin ƙyalle, muka sauya musu tare. Gilashin ya yi garau, kifayen kamar a iska suke shawagi.

Sannu a hankali suka daina farauta. Namijin ya mutu. Macen ta shige can ciki, sai gefen jelarta nake hangowa. Duk ruwan da aka yi, Inna takan ƙara mata sabo tana yi mata sannu. Kawu yana hanya, wayarsa ba ta shiga.

Ranar da ya dawo, ya tsuguna gaban gilashin, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Yaya, gatan naki ya yi yawa," ya ce wa Inna. Sannan ya dube ni. "Mai sayar da su ya ce daga tafki mai duwatsu suka fito, ruwa mai nauyi suka sani. Wannan ya yi mata lami. Ɗauki guga ki je rijiya, ki riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan. Tana da sauran numfashi."