Hajiya Munawara Zainudeen, Mai Shirin Amsa Mini

Haihuwarta da asalinta

An haifi Hajiya Munawara a garin Salaga, ƙasar Ghana, a shekarar 1962. Mahaifinta shi ne Malam Zainudeen, bafataken goro wanda kakanninsa suka zo Gwanja da ayari suka zauna. Mahaifiyarta kuwa Mma Asiatu ce, mai saro kifi daga Makango, wadda ba a sa amarya lalle a unguwarsu sai an aika an kira ta ta ba da waƙa. Munawara ta gaji muryar uwa, ta kuma gaji taurin kan uba, wanda aka shaida idan ya ce e, ko asara zai yi ba ya komawa ya ce a'a.

Karatunta

Ta fara da makarantar allo tana shekara biyar, ta sauke Alƙur'ani a 1975, a lokaci guda tana zuwa makarantar boko, abin da ba kowane gida yake yarje wa 'ya mace ba a wancan zamani. Ta gama makarantar midil a 1978, ta wuce kwalejin horon malamai a Tamale, ta fito da takardar shaidar koyarwa a 1983. Abokan karatunta sun ce ba ta taɓa yin na ɗaya a lissafi ba, amma duk darasin da ya gagare su sai ta mayar da shi waƙa, kowa ya haddace.

Aiki da aure

A 1984 hukuma ta tura ta Yendi, inda ta koyar shekara goma sha ɗaya, ta kuma kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. A can ta haɗu da Malam Muniru, ma'aikacin lafiyar dabbobi ɗan asalin Bawku, aka ɗaura musu aure a Salaga a 1987. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1995 iyalin suka koma Bawku, ta ci gaba da koyarwa a sakandare. Malam Muniru ya riga ta komawa ga Allah a 2009, kuma ba ta sake aure ba.

Yadda aka fara Amsa Mini

Tsawon shekarunta a aji ya koya mata abin da iyaye ba sa son ji, wato 'yan shekara sha shida suna soyayya, ko an hana ko ba a hana ba. Tana ganin ɗalibanta suna kallon shirye-shiryen ƙasashen waje masu waƙa da rawa, su zo su kwaikwayi abin da ba ya cikin tarbiyyarsu, su kuma ɓoye wa manya har sai ɓarna ta auku. Abin ya dame ta ƙwarai. Ta yanke shawarar ta rubuta shirin talabijin da Hausar Zongo, a kan yaro da yarinya 'yan sakandare masu son juna, waɗanda za su faɗi abin da ke ransu da waƙa, cikin kunya da mutunci, uwa ta kalla tare da 'yarta ba tare da ɗaya ta sunkuyar da kai ba. Wani ƙaramin gidan talabijin mai zaman kansa a Tamale ya karɓi shirin a 2012, aka sa masa suna Amsa Mini.

Samun yaron bai yi wuya ba. Zakir, ɗan wani tela ne a Yendi, wanda wata tsohuwar ɗalibarta ta nuna mata. Yarinyar ce aiki. Muryar da Hajiya take so tana bakin Muniratu, ɗalibarta 'yar shekara sha shida, 'yar Alhaji Sidiku, dillalin shanu a kasuwar Bawku, mutumin da ko rediyo ba a kunnawa a gidansa sai don labarai. Hajiya ta je ta same shi da kanta. Ya ce shi ba waƙar yake tsoro ba, bakin mutane yake tsoro, domin wanda ya ga 'yarsa tsaye kusa da namiji a talabijin ba zai ce wasa ne ba, kuma sunan 'ya mace idan ya ɓaci a Zongo ba ya gyaruwa. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi guda: muddin ana shirin, 'yarsa da yaron nan ba za su tsaya a gari ɗaya ba, balle a gan su a hoto ɗaya. Kowa ya ɗauka dabarar korar ta ce. Ita kuwa ta ce ta ɗauka, Allah shaida.

Sai ta koma ta sake labarin gaba ɗaya domin ya dace da alkawarin. Yaron yana Yendi, yarinyar tana Bawku, sun ga juna sau ɗaya a gasar makarantu kafin labarin ya fara, daga nan sai waƙa. Shi ya rera tasa a gindin mangwaron makarantarsu, direban lori ya kai mata a cikin waya, ita kuma ta amsa tana wanke-wanke a tsakar gida. Haka ma aikin yake a zahiri: Hajiya ta ɗauki Zakir a Yendi, ta hau mota da masu kyamara zuwa Bawku ta ɗauki Muniratu, a haɗa a Tamale. Mace mai shekara hamsin ta riƙa bin wannan muguwar hanya rani da damina, har direbobin tasha suka riƙa tsokanarta da cewa ita ce 'yar aiken masoya.

Shirin ya samu karɓuwa fiye da zato. Ya taɓo kishi, da fushi, da faɗuwa jarrabawa saboda tunani, da abokai masu zuga, da ranar da yarinyar ta gaya wa mahaifiyarta gaskiya. Malamai da yawa sun shaida cewa bayan wannan kashi ɗalibai sun fara kawo musu damuwarsu da kansu. Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da ake nuna shirin, masu sayar da wake da shinkafa a Salaga sukan bar wa Allah tukunya su tafi gaban talabijin.

Shekarar jarrabawa

A 2016 masu kallo suka ƙosa. Duk inda Hajiya ta shiga, tambaya ɗaya ce: yaushe yaran nan za su haɗu? Mai gidan talabijin ya kira ta ya shaida mata cewa masu ba da talla sun gaji, ko dai a haɗa masoyan a zango na gaba, ko a sauke shirin. Masu kyamara suka ba da shawara a kai yaran garin Walewale a ɗauke su tare a asirce. Ta ƙi. Suka ce to a haɗa hotunansu da na'ura, su bayyana gefe da gefe alhali kowa yana garinsu. Ta ce abin da idon mutane ya gani shi uban yarinyar yake gudu, ba abin da na'ura ta sani ba.

'Ya'yanta suka roƙe ta ta koma wurin Alhaji Sidiku ta nemi sassauci, tunda yanzu shi ma yana alfahari da 'yarsa. Amsar da ta ba su ita ce maganar da aka fi riƙewa daga bakinta: “Idan na je yau, gari duk yana bayana, kunya za ta sa ya ce e, zuciyarsa tana cewa a'a. Wannan ba roƙo ba ne, ƙwace ne.”

Kashi na ƙarshe ya nuna yaron ya hau lori zuwa Bawku, yarinyar tana jiran sakamakon jarrabawarta tana rera amsa, shirin ya ƙare motar tana kan hanya. An zage ta, an ce ta yaudari jama'a. Aka sauke Amsa Mini, kuma ba a sake ba ta wani shiri ba. Abin ya yi mata zafi matuƙa, ba ta kuma ɓoye ba. 'Yarta Memuna ta ce mahaifiyarta ta daɗe ba ta iya jin waƙoƙin ba tare da ta yi hawaye ba.

Shekarunta na ƙarshe

Ta sauke farali a 2018, ta yi ritaya a 2022, ta koma gidan mahaifinta a Salaga tana koyar da matan unguwa karatu. Muniratu ta zama ungozoma a Saboba, sunanta fes, ba wanda ya taɓa jifanta da magana. Zakir ya zama malamin makaranta a Yendi. Ko da yake sharaɗin ya ƙare da ƙarewar shirin, ba wanda ya nemi ganin wani a cikinsu, domin kowannensu yana jin nauyin ya yi wasa da abin da Hajiya ta rasa aikinta a kansa.

Rasuwarta

Allah ya karɓi ranta ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da biyu. An yi mata sutura aka binne ta a Salaga bayan sallar Azahar. Ranar addu'ar uku, Alhaji Sidiku ya iso daga Bawku yana dogara sanda, Muniratu tana biye da shi. Zakir yana cikin masu zaman makoki. Tsohon ya sa aka kira shi, ya ce a gaban jama'a: “Na ba baiwar Allahn nan amana, ta riƙe mini har ta rasa abin da take so, ba ta taɓa zuwa ta ce mini komai ba. Yau ni da ƙafata na kawo 'yata gari ɗaya da kai. Ku gaisa.”

Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya. Wannan ce haɗuwar da aka jira shekara da shekaru, kuma babu kyamara a wurin.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Jalil, da Memuna, da Abibatu, da Sadia, da jikoki tara. Bisa roƙon Alhaji Sidiku, da yardar iyalinta, an ƙara suna biyu a cikin 'ya'yan da ta bari, wato Muniratu da Zakir. Allah ya jiƙanta, ya saka mata da alherin da ta yi mana, ya riƙe ta kamar yadda ta riƙe amana.